Ranar Awon da Na Tona Wa Kaina Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a shekarar da sojoji suka koma bariki, lokacin da kowa a Kano ya iya cewa "ina da 'yanci". Ni ne manaja a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Gyaɗi-Gyaɗi. (Manaja dai a baki. Mu goma sha ɗaya ne har da maigadi, amma kullum ina cikin kwat, ina gumi ina hura hanci.) Dakta, mai asibitin, ya sakar min duk harkar ma'aikata, ni kuwa na ɗauka sarauta aka naɗa ni.

Akwai wata nas, Sista Rabi, shekararta shida tare da mu, ba a taɓa kawo ƙararta ba. Da cikinta ya tsufa ta kawo takardar likita, ta tafi hutun haihuwa. Mako biyu da tafiyarta na aika mata takardar sallama har gida a Tarauni, na rubuta wai rage ma'aikata muke yi. Washegari na ɗauki wani namiji a gurbinta. Ku duba fa, asibitin da rabin cinikinsa karɓar haihuwa ne, shi ya kori mace saboda za ta haihu, kuma ni a lokacin gani nake na yi dabara.

Ashe Rabi ba ta zauna kuka ba, ofishin ƙwadago ta kai ƙara. Aka aiko mana takarda cewa jami'i zai zo ranar Talata da ƙarfe goma. Na ce wa Dakta, "Ranka ya daɗe, kada ka damu, irin waɗannan mutanen da lemo ɗaya da Turanci biyu nake sallamarsu."

Talata kuwa ranar awo ce, benci cike da mata masu juna biyu. Na tsaya a bakin ƙofa ina leƙen motar gwamnati, sai ga wata mata ta sauka daga tasi, cikinta ya yi gaba sosai, da jaka a hannu.

"Sannu Malam, manaja nake nema."

"Ni ne. Amma Hajiya, masu awo ga layinsu can. Babban baƙo nake jira daga ofishin ƙwadago."

"Allah sarki. Lafiya dai ko?"

Da mai hankali ne da ya ce lafiya lau, ya yi shiru. Ni kuwa na samu mai saurare. Na gyara tsayuwa na ce, "Wata nas ce muka sallama take neman tayar mana da hankali. A takarda mun ce rage ma'aikata ne, amma tsakanina da ke, cikin ne. Yau laulayi, gobe haihuwa, jibi yaro ba lafiya. Kada ki ji haushi Hajiya, amma mace mai ciki gida ya kamata ta zauna, ba wurin aiki ba." (Tsakanina da ita, in ji ni, alhali mata wajen ashirin sun zuba min ido, kowacce da irin abin da nake zagi.)

Ta ce, "To gurbin nata fa, an rufe shi?"

"Ina! Namiji na sa. Namiji ba ya zuwa hutun haihuwa."

Har dariya na yi. Ni kaɗai.

Ta buɗe jaka a hankali, ta ciro katin aiki ta miƙo min, sannan ta ciro biro. "Ni ce baƙon da kake jira. Maimaita min maganar ƙarshen, zan rubuta."

Wata mata a kan benci ta ce, "Hajiya, in ya manta mu mun riƙe." Gaba ɗaya suka kwashe da dariya, har da tafi. Daidai lokacin Dakta ya fito daga ɗakin duba marasa lafiya, ya tarar da manajansa baki buɗe, riƙe da katin.

A ofis jami'ar ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta karanta mana dokar ƙwadago tiryan-tiryan: mace na da hutun haihuwa kafin ta haihu da bayan ta haihu, kuma ba a aika mata takardar kora tana cikin wannan hutu. Ta ce wannan doka ta girmi kwat ɗin da ke jikina. Ta dubi Dakta ta ce nauyin a kansa yake, tunda shi ya ɗauki ma'aikata, ko da wawa ya wakilta. (Ba ta ce wawa ba, "wani" ta ce, amma kowa ya ji abin da ta ce.)

Dakta ya mayar da Rabi aikinta da duk haƙƙoƙinta, ya kuma ce ni zan kai takardar da ƙafata. Na isa Tarauni na tarar ta haihu, gida cike da 'yan barka. Mahaifiyarta ta leƙo zaure ta ce, "Au, kai ne manajan? Na zaci babba ne." Rabi ta aiko a ce min ta gode, a gaida Dakta.

Na ƙara shekara uku a asibitin, kuma duk Talata ina da aikin gaggawa a sito. Abin da na koya shi ne, kafin ka zalunci ma'aikaci ka karanta doka. In kuwa girman kai ya hana ka karatu, to aƙalla ka tambayi mutum sunansa kafin ka ba shi labarinka.