Furfura Uku a Gemun Malam Bukar

"Ni Maharazu, ka ba ni fensir da tsinin allura, sai in zana maka gashin idon sauro, har ka gane mace ce ko namiji!"

Haka yake faɗa kullum a bakin kasuwar Kurmi, yana dukan ƙirjin da bai fi faifai ba. To abokina, bari ka ji inda ya samo wannan ilimi. A alif ɗari tara da hamsin da huɗu ya yi mako uku yana share shagon wani mai ɗaukar hoto a Sabon Gari. Can ya ga maigidan yana gyara hotuna da wani ɗan bututu mai fesa launi a hankali kamar numfashin jariri, sannan ya bi da fensir da 'yar wuƙa yana fito da gashin gira ɗaya bayan ɗaya. Ranar da Maharazu ya zauna a kan gilashin hoton wani ango, ranar aka sallame shi. Ya dawo Mandawari da fensir a bayan kowane kunne, ya raɗa wa kansa suna Injiniyan Fuska. Mu dai Na-Tsintsiya muke ce masa.

Akwai wani dattijo a Jakara, Malam Bukar mai kanwa, Babarbare, mutum mai sanyin hali. Shekararsa ashirin rabonsa da mahaifiyarsa da ke Kukawa, ta kuwa aiko cewa ko fuskarsa a takarda a kai mata ta gani. Ya sa babbar rigarsa aka ɗauke shi hoto guda ɗaya tak, mai hoton kuma ya tattara akwatinsa ya koma Ikko. Washegari da safe motar da za ta kai saƙon za ta tashi. Hoto ya yi kyau, sai dai abu ɗaya ya tsaya wa Malam Bukar a rai: furfura uku sun fito fes a gemunsa.

"Tsohuwa za ta gani ta ce wahala nake sha a Kano," in ji shi, muna zaune a zaurensa ni da Ilu wanzami.

Ilu ya ce, "Haba Malam, furfura uku ai ado ne."

Sai ga Maharazu ya faɗo zauren kamar an jefo shi. "Uku kacal? Malam, kafin ka gama tauna goron nan na mayar da kai saurayi!"

Na yi wa Malam Bukar ido, Ilu ya yi tari har sau biyu, amma son uwa ya rufe wa dattijon kunne. Ya miƙa hoton.

Maharazu ya shimfiɗa ƙyalle a kan tabarma, ya jera kayan aiki kamar mai tallan magani. Ga fensirin kafinta mai kauri kamar rake, ga na 'yan makaranta, ga na akawu irin wanda ake lasa kafin a yi rubutu. Gefe kuma ga allura, ga basillar dukawa, ga ƙayar aduwa. Ya dubi Ilu ya ce, "Ara mini askarka."

"Askar da nake ci da ita?"

"Yau za ta shiga tarihi. Ku kuma ku buɗe kunne, don ba kullum nake koyarwa kyauta ba. Duk sirrin aikin nan a wajen zaɓe yake. Fensir mai tauri na siririn gashi ne, mai taushi na inuwa. Allura ta hasken ƙwayar ido ce. Wanda bai san wannan ba, ya je ya yi dako."

Maganar gaskiya, wannan daidai ya faɗa, don haka ya ji maigidansa yana faɗi. Inda gizo ke saƙa shi ne bai san wanne ne mai taurin ba.

Ya ɗauki na makaranta ya goga a gemun. Hoto mai sheƙi ne, fensir ya zame bai bar komai ba. Ya ɗauki na kafinta, shi ma haka. Ya ce, "Waɗannan na ƙananan ma'aikata ne." Ya jawo na akawu, ya lashe shi sosai har harshensa ya rine, ya danna a kan furfura ta farko. Yawu ya bazu, gemun Malam Bukar ya koma shunayya tun daga leɓe har wuyan riga, kamar an tsoma shi a karofi.

Malam Bukar ya daina tauna goro. "Maharazu, gemuna ne wannan?"

"Somin taɓi ke nan, Malam. Yanzu za a kankare."

Ya ɗaga askar Ilu sama don kowa ya gani, ya ce da ita ake aikin manya. Ƙyat! Shunin ya fita, gemun ma ya bi shi. Ƙyat! Ɗaya ɓangaren ya tafi. Farar takarda ta bayyana tas. Mutumin da ya zo da furfura uku, sai ga shi da farin gemu har ƙirji kamar ya shekara ɗari.

Ilu ya ce, "Shekarata talatin ina aski, ban taɓa ganin an yi wa mutum aski ya ƙara tsufa ba."

"Kai wanzami, tsaya a kan ƙeya! Yanzu aka zo wajen feshi."

Ya zura hannu a jaka. Mu muna jiran ɗan bututun nan na Sabon Gari, sai ya zaro famfon feshin maganin sauro, wanda ya ɗura wa tawadar allo. Ya jingina hoton da bango, ya ja da baya taku biyu, ya rufe ido ɗaya, ya tura. Shiru. Ya sake turawa. Shiru. Ya juyo da bakin famfon yana leƙawa, hannunsa na kan mariƙin.

Fuuu!

Da ya ɗago, ba ka ganin komai a fuskarsa sai idanu. Ilu ya kwanta a tabarma yana shure-shure, ni kuwa na cusa hula a baki. Maharazu ya tofar da tawada ya ce, "Gwaji ne. Gwani ba ya fesa wa mutane abin da bai ɗanɗana ba." Ya juya da fushi ya danna da duk ƙarfinsa. Rabi ya sami hoton, rabi ya sami farar rigar Malam Bukar. Fuskar da ke cikin hoto ta ɓace gaba ɗaya, ta zama baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Kusurwa biyu na hula kawai suka tsira, suna tsaye a sama.

Malam Bukar ya ce a hankali, "Inna lillahi. Ina na tafi?"

"Kana ciki, Malam, kana ciki! Ai haka manyan gwanaye suke yi. A rufe da baƙi, sannan a tono mutum da tsini. Zauna sosai in dube ka."

Ya ɗauki allura ya fara tono ido. Na dama ya fito ƙarami, ya ce bari a ƙara masa. Ya zarce na hagu, ya koma ya ƙara wa na hagu. Haka ya yi ta yi musu adalci har kowanne ya kai girman ƙwan zabo. Ya ce saura hasken ƙwayar ido, ya ɗauki basilla. Ɓurum! Ta huda takardar ta fita ta baya, har ta soki cinyarsa. Ya yi tsalle yana cewa, "Ka ga haske na gaskiya, har rana na shigowa!"

Malam Bukar ya ce, "To zanen Barebarin da ke fuskata fa? Da shi tsohuwa za ta gane ni."

"Ƙayar aduwa ce maganin wannan."

Gumi na wanke tawada yana ɗiga, ya ja layi. Maimakon ya sauko bisa kunci, sai ƙaya ta zame ta yi gefe, ta wuce kunne. Ya ja wani don ya gyara, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Kafin mu farga, layi shida sun fita ta dama, shida ta hagu, duk daga gindin hanci.

Malam Bukar ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo. Bai yi zagi ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa mai ɗigo-ɗigo, ya ce, "Ilu, ka kula mini da rumfar kanwa har wata guda. Gobe ni zan hau motar nan da kaina. Gara ta ga furfurar da idonta." Ya ajiye hoton a tabarma ya shige gida haɗa kaya.

Kana tsammani Na-Tsintsiya zai ji kunya? Ina! Cewa ya yi, "Kun gani? Aikina ya haɗa ɗa da uwa!"

Daidai nan Gwaggo 'Yardada mai ƙuli-ƙuli, maƙwabciyar Malam Bukar, ta yi sallama za ta shiga gida. Idonta ya faɗa kan hoton. Ta ajiye ƙwarya, ta ɗauka, ta matsa bakin ƙofa wajen haske.

"Kai! Wane mai hannu ne ya yi wannan?"

Maharazu ya gyara tsayuwa. "Ga shi a gabanki, Gwaggo."

"Tubarkalla! Ɗan nan, Allah ya yi maka baiwa. Wallahi kamar ya yi motsi."

"Ku ji da kunnenku! Gwaggo, ƙara faɗa musu, mahassada sun yi yawa a garin nan."

"Ai gaskiya ce. Dubi idanun, dubi kunnuwan, dubi gashin bakin." Ta naɗe hoton a gefen zane. "Ka bar mini shi don Allah in liƙa a ɗakin gyaɗa. Ɓeraye sun hana ni sakat, ban kuwa taɓa ganin muzuru mai ban tsoro kamar wannan ba."