Sukuru Uku na Rediyon Baffa

Da rediyon marigayi Baffa ya fara shaƙewa, Inna ta ce in kai shi Dutse wajen mai gyara. Da shi suke jin labaran safe su biyu, tun kafin a haife ni.

"Haba Inna, ni da nake da sukundireba?"

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Miga, na kwance shi, na hure ƙurar, na mayar. Sukuru uku suka rage. Na ce ai ado ne kawai.

Tun ranar bai ƙara cewa uffan ba, safiyar gidan ta yi tsit.

Yanzu duk zuwana, sai Inna ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini su: "Injiniya, ga adonka. Labaran fa?"