Yadda Na Sa Kawu Ya Shuka Maiwa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na zama malamin duba, ni da ko ƙasa ban iya zanawa ba. Mushe ne ni, wato malamin makaranta, lissafi nake koyarwa a wani kolej a Mayahi. A lokacin na faɗa wani shafin intanet da ake kira kasuwar hasashe. Tambaya ake kafawa, misali ko za a yi ruwa a Yamai kafin Juma'a, kowa ya zuba makinsa a kan "e" ko "a'a". Inda maki ya fi nauyi nan lamba take karkata, ta nuna kashi nawa cikin ɗari ake sa ran abin zai faru. (Maki ne, ba kuɗi ba. Na faɗa ne saboda masu shirin yi mini wa'azin caca.)

Tambayoyin kwana biyu ko uku nake bi, kuma ina ci. Ɗaruruwan mutane ke shiga irinsu, kowa da labarin meteyo, wato na ma'aikatar hasashen yanayi, a hannu, lambar ba ta cika ƙarya ba. A fadarmu ta shayi in na ce gobe akwai hadari, sai a yi. Kaina ya kumbura.

Cikin bazara na ga wata tambaya daban: ko damina za ta kai Oktoba a ƙasashenmu. Na kwashe duk makin da na tara na zuba a "e". Dalilina? Haka nake so kawai. Na rufe waya na shiga sabgogina.

Bayan makonni na hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu, gaba da Gidan Amumune, wajen Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana. Na tarar da shi yana gyaran iri: ga hatsi, wato gero, mai saurin nuna, ga maiwa wadda take cika rumbu amma sai ruwa ya daɗe.

"Ɗana, an ce wayarka na ganin gobe," in ji shi. "Mi ta ce kan damanar bana?"

Na buɗe shafin. Lamba ta haura kashi tamanin. Na gyara zama (har da gyaran murya, Allah Ya yafe mini) na ce, "Kawu, masana na duniya sun haɗu a kan ruwa zai kai Oktoba. Ku zuba maiwa."

Shi da ya saba raba gonarsa biyu, a shekarar nan maiwa ya shuka daga kai har gindi.

Ruwa ya ɗauke farkon Satumba, maiwa tana shirin fitar da kai. Maƙwabta masu hatsi sun sami abin kaiwa rumbu. Kawu kara ya samu. Ya sayar da shanun nomansa, babban ɗansa Sale ya tafi cirani Agadas ya bar matarsa da tsohon ciki.

Wata biyu ina ɓuya. Sai matar Sale ta haihu, suna kuma ba ya ƙauracuwa. Bayan an raɗa suna muna zaune da dattawa a ƙofar gida, Kawu ya dube ni, ba faɗa a muryarsa.

"Ɗana, abu guda ni ke so in sani. Masanan nan da sunka ce ruwa zai daɗe, su nawa ne? Ina gonakinsu su ke?"

Na ciro waya ina ta latse-latse. Rabi, ɗiyar Kawu da ke karatu a jami'a a Maraɗi, ta kawo mana abinci, ta tsaya. (Ni na koya mata ƙirga.)

"Yaya, kawo in duba maka."

Ta duba. "Mutum bakwai ne suka shiga tambayar. Kuma da, rabi da rabi lambar take. Rana guda wani ya jibga maki, shi ne ta yi sama." Ta matso da wayar kusa da ido. "Sunanshi Gwanin Mayahi."

Babu wanda ya tambaya ko wane ne.

Sai Kawu ya ce, "Ashe kai ka hwaɗa ma wayar, ita ta hwaɗa maka, kai kuma ka zo ka hwaɗa mini."

Da sun yi dariya da na samu sauƙi. Ba wanda ya yi. Kawu ya turo mini kwano ya ce, "Ci, ɗana. Allah ne bai nuhwa ba." Tuwon masarar kasuwa ne, a gidan da tun tasowata ban taɓa ganin an sayo tsaba ba. Na ci loma uku na tsame hannu.

Abin da na koya, da tsada, kuma ba ni na biya ba: ganin gobe daban, ganin wata biyar daban. Na gobe yana da shaidu. Na nesa wani lokaci wawa guda ne ke magana da kansa, waya ta sa masa lamba. Yanzu duk abin da ya wuce jibi, ban sani ba. Ko ɗalibaina suka tambaya ko akwai jarrabawa wata mai zuwa, ni da zan rubuta ta da hannuna, cewa nake sai mun gani.