Rasuwar Gwaggo Mai Huci, Kwamfutar Maman Rumaisa

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, da kuma jaririya a baya tana tsala ihu, Mufida Lawal ta garin Gwandu take sanar da 'yan uwa da abokan karatu rasuwar kwamfutarta, wadda kowa ya sani da Gwaggo Mai Huci. Ta cika ranar Alhamis bayan azahar, tana da shekara goma sha ɗaya, tana tsakiyar aiki.

Ba a san asalin marigayiyar ba, domin gwanjo ce. Amma duk wanda ya zauna da ita ya shaida haƙurinta. Ta sha zuwa jami'a a Kalgo cikin jaka ɗaya da kayan jaririya, ba ta taɓa ƙorafi ba. An zuba mata koko, ta shanye. Maɓallinta biyu sun faɗi kamar haƙoran tsufa, ta ci gaba da aiki a haka.

A kanta Mufida ke aikin kammala digirinta: gyara direban hoto, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta zana abu a allo, irin wadda kowa ke da izinin buɗe cikinta ya gyara. Kafin direba ya yi aiki sai an gina shi, a tattara fayiloli sama da dubu biyu a haɗe su. Tsarin gini biyu ne a gabanta: tsoho, Autotools, da sabo, Meson. Malaminta ya ce ta ɗauki sabon, ta zaɓi direba ɗayan da take buƙata kawai, cikin minti ashirin an gama.

To, a nan ne Mufida take son jama'a su fahimce ta, kada a ce sakaci ne.

Idan Gwaggo ta ɗauki gini, fankar cikinta takan fara da "fuuu", sannan ta zarce da "huuuuuu" mai tsawo, kamar mai hura wuta a murhu. Rumaisa kuwa, jaririyar Mufida 'yar wata bakwai, ba ta san barcin rana ba. Goyo bai sa ta ba, jijjiga bai sa ta ba, kakarta Inna Delu ta yi rarrashi har muryarta ta dishe. Amma da Gwaggo ta fara huci, sai idon yarinya ya lumshe. Da ta yi shiru, sai ido tar. Kuma a cikin barcin nan ne kaɗai Mufida ke samun zama da biro da takarda ta rubuta aikinta.

Wace uwa ce za ta zaɓi minti ashirin? Mufida ta koma tsohon tsari. Ta kunna duk wani zaɓi da ke ciki: direban kowane irin katin hoto, har waɗanda ba a taɓa gani a Kebbi ba. Kullum kuma sai ta goge ginin jiya kaf, don a faro daga tushe. Awa biyu cur. Mijinta Shamsuddeen ya ce, "Maman Rumaisa, tsohuwar nan fa kashe ta za ki yi." Ta ce ai ƙarfe ce. Inna Delu ma ta kasa kunne wata rana ta ce, "Ɗiyata, numfashin abin nan bai yi mini ba."

Jinyar ta fara ne da shigowar zafin bazara. Hucin ya soma haɗuwa da "kar-kar-kar", jikinta ya yi zafin da ba a iya taɓawa. An ɗora ta a kan duwatsu huɗu don iska ta ratsa, an yi mata fifita da mafici. Ranar Alhamis, a kan fayil na dubu ɗaya da ɗari tara, ta ce "tik", allo ya yi baƙi. Rumaisa ce ta fara sanar da unguwa. An garzaya da Gwaggo wurin Aminu mai gyara a Kalgo. Ya buɗe, ya sunsuna, ya mayar ya rufe. "Hajiya, sai haƙuri. Amma don Allah, me kike dafawa a kanta?"

Marigayiyar ta bar caja mai ɗaurin salatif, da jaka, da rumbun ajiyarta wanda ya fito lafiya da duk aikin Mufida a ciki. Ta bar kuma magajiya, sabuwar kwamfutar da Kubura ƙanwar maigida ta ba da aro. Yarinya ce mai ladabi: da Meson takan gama gini cikin minti huɗu, ko tari ba ta yi. Rumaisa ta dube ta sau ɗaya ta ɓare baki. An gwada fankar ɗaki, an gwada Shamsuddeen yana huci da baki har jiri ya kwashe shi. Saura kwana tara a kare aikin gaban malamai, babi na biyar kuma ko bisimilla ba a yi masa ba.

Za a yi sallama da gawar ranar Asabar da hantsi a gidan Malam Shamsuddeen. Za a naɗe ta a zanen goyo, a kwantar da ita a saman kabad. Kafin nan Aminu zai ciro fankar, wadda ya tabbatar cewa da sauran ranta, ya jona ta da batir a cikin gwangwanin madara, a ajiye ta kusa da shimfiɗar marainiyar.

Ana karɓar gaisuwa da safe kawai. Wanda ya zo bayan azahar ya cire takalmi tun daga zaure, ya yi sallama a zuci. Duk wanda ya tada Rumaisa, shi zai goya ta har Mufida ta gama babi na biyar.