Haɗin da Na Yi wa Kajin Inna

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar bazara ba, ranar da na kusa jawo a hallaka kajin unguwarmu kaf, alhali ni ne malamin da ke koyar da aikin gona a ƙaramar sakandaren garinmu, nan gefen Bunkure. (Na faɗi sana'ar tawa tun yanzu ne don kada wani ya ɓata tausayinsa a kaina.)

Mahaifiyata, Inna, tana da kaji a bayan ɗakinta, irin na gida masu tone-tone, sun kai ashirin da zakara guda. Da su take fita kunyar baƙo, ƙwansu kuma na jikokinta ne. Abincinsu bai wuce tsakin masara da dusar shinkafar da ake samowa a injin Kura ba, sai ragowar tuwo da tumatirin da ya lalace a lambu. Ni kuwa kullum gani nake ana asarar ilimina a gida. Sau uku ina kawo mata shawarar sabon haɗi, sau uku tana ce mini, "Kai dai je ka koya wa 'yan makaranta." (Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, "kai" ɗin nan shi ne rabona.)

Ana nan sai na ci karo da wani bidiyo a waya, wani mutum yana cewa idan aka jiƙa abincin kaji ya ɗan yi tsami, ya fi yi musu amfani, ƙwai ma ya ƙaru. Kwana uku ya ce. Ni mai takardar shaida na ce ai abin da kwana uku ya gyara, bakwai sai ya fi. Na sami bokitin fenti mai murfi, na zuba tsaki da dusa da ruwa, na ƙara mazarƙwaila don su yi ƙarfi, na barbaɗa yis ɗin da matata take fanke da shi don abin ya yi sauri. Na danne murfi, na tura shi bayan buhunan taki a ɗakin ajiya, inda zafi yake kamar gidan burodi.

Ranar ta bakwai Inna ta tafi suna Garun Mallam da matata da yara. Adaidaita sahunsu tana shan kwana na ɗauko bokitin. Da na buɗe, wani wari ya daki hancina har idona ya kawo ruwa, abin yana ta kumfa shi kaɗai. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni cewa na yi aiki ya yi kyau. Na juye rabi a kasko, kaji suka yi caa a kai. Har na maƙwabciyarmu Gwaggo Talatu guda biyar suka shigo ta rariya suka ci rabonsu. Gwaggo Talatu tsohuwa ce, mijinta ya rasu, da ƙwan kajinta take riƙe marayun jikokinta uku.

Na shiga ɗaki ina duba takardun jarrabawa. Wajen hantsi na lura gidan ya yi tsit, babu ko ƙyarƙyarar kaza. Na leƙo. Zakara na fara gani yana tafiya a karkace, ya yi taku uku ya kifa cikin kwata. Kajin kuwa suna yashe a ƙasa, fukafukai a baje, wuya a lanƙwashe, baki a buɗe. Na ɗaga wata, kanta ya yi reto kamar tsumma. Na yi salati ya fi a ƙirga, ina tunanin da wane ido zan dubi Inna.

Abu na farko da na yi, don ku san irin jarumtakata, shi ne na wanke kaskon tas, na mayar da bokitin maɓoyarsa.

Ban gama goge hannu ba Gwaggo Talatu ta yi sallama, riƙe da kaza a kowane hannu. Ta dubi tsakar gidanmu, sannan ta ce a hankali, "Malam, murar tsuntsayen nan ce ta shigo mana." Da na buɗe baki a lokacin, da magana ta ƙare tsakanina da ita. Sai na ji kaina yana gyaɗawa, har da cewa, "Alamun sun yi kama."

To, malamin aikin gona ya tabbatar, wa zai musa? Kafin azahar labari ya gama unguwa. Kowa a nan yana tuna shekarar da ma'aikata suka zo da fararen kaya da abin rufe hanci, suka haƙa rami suka binne kajin wata gona gaba ɗaya. Mata suka shiga kama nasu suna kullewa a akurki, wasu har sun aika a wasa wuƙa. Baffa, yayan mahaifina kuma na'ibin limamin unguwa, ya zo ya hana kowa yanka, ya buga wa malamin dabbobi na gwamnati waya. Ni ina tsaye jikin bango, gumi ya jiƙa mini riga har ƙugu. Tsoro biyu ne suka sa ni gaba. Idan na yi shiru, a kashe kajin mutane. Idan na yi magana, in ce me na ba su? Ni kaina ban san abin da na haɗa ba, na ɗauka guba ce.

Malamin dabbobi ya iso a babur, ya sa safar hannu da abin rufe hanci, ya ce kowa ya ja baya. Ya duba zankon zakara, ya buɗe bakin kaza, ya matsa maƙoƙonta, ya daɗe yana yamutsa fuska. Ya ce wa Baffa, "Baba, ban tabbatar ba tukuna. Zan ɗauki biyu a gwada. Amma idan ita ce, duk kazar da ke layin nan sai an kawar da ita." Sai ya juyo gare ni. "Malam, me suka ci yau?"

Na ce, "Tsaki da dusa." (Ba ƙarya na yi ba, amma gaskiyar ma ba ta gane kanta ba.)

A nan Gwaggo Talatu ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai rufe kazar da ke cinyarta da gefen mayafi, ta ce, "Saura tara a gida. Su ke nan gare ni."

Ban san lokacin da na shiga ɗakin ajiya ba. Na fito da bokitin na dire a tsakiyar jama'a, maza a bakin zaure, mata ta kan katanga. Malamin dabbobin ya buɗe murfi, na kusa da shi suka toshe hanci. Ya sauke abin rufe hancinsa ya sansana sosai.

"Kwana nawa?"

"Bakwai."

"Me ka sa a ciki?"

"Mazarƙwaila. Da ɗan yis."

Ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ya sami kansa ya ce, "Baba, a kwantar da hankali, ba mura ba ce. A buge suke. Malam giya ya dafa musu."

Baffa bai yi dariya ba. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "A gidan ɗan'uwana?" Da ƙasa ta tsage a lokacin, da godiya zan yi mata.

Aka kai kajin inuwa, aka yi ta ɗura musu ruwa, ni ne mai riƙe kofi. Wajen la'asar suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, zakara ya hau turmi ya yi wata cara da ta karye a tsakiya. Biyu ba su tashi ba, tsohuwar kazar Inna da ɗaya ta Gwaggo Talatu. Baffa ya yanke hukuncin a tsare sauran kajin kwana uku a kan abinci mai tsarki kafin a taɓa ƙwansu ko namansu.

Inna ta dawo ta tarar da labari tun a bakin titi. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta zaɓi kaza mafi yawan ƙwai a cikin nata, ta miƙa mini ta ce, "Kai, kai wa Talatu. Ta ƙofar gida za ka bi, kowa ya gan ka." Haka na ratsa layi rungume da kaza mai warin tsami, majalisa tana yi mini sannu da aiki. A makaranta kuwa, har ƙarshen zango ban iya koyar da babin kiwon kaji ba tare da wani ya yi tari a bayan aji ba.

Abin da na koya ɗaya ne. Kunyar da ka ƙi ji da hantsi a gaban tsohuwa guda, ba tafiya take yi ba. Wuri take samu ta zauna, ta jira na'ibin liman da ma'aikacin gwamnati su iso.