Yadda Za Ka Yi Arziki da Kat-Girafik Ba Tare da Ka Sayar da Shi Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari kafin azumi ya zagayo mutanen Zongo za su fara ce maka "patron", wato babban mutum, ko da ba ka da kuɗin koko a aljihu. Ni Labiba ban yi nisa a karatun lekwal ba, kuma ko mai tumatir ba na iya tayawa sai na sunkuyar da kai. Amma wannan ilimi a gidanmu aka ƙera shi. Yayana Sharhabilu ya gwada shi daga farko har ƙarshe, ni kuma ina bayan labule ina kallo.

1. Ka san hajar, amma kada ka zurfafa

Kat-girafik wani faifai ne mai fankoki uku da ake sakawa cikin kwamfuta, hoto ya fito tas, wasan samari ya daina sarƙewa. Iyakar abin da kake bukata ke nan. Sauran ilimin magana ɗaya ce: "Babu shi a duniya." Wai manyan kamfanonin ƙetare ne ke kwashewa don injinan nan masu amsa tambaya. Idan an ce wane kamfani, ka nuna wajen teku da leɓe.

2. Sayar da abin da ke ciyar da kai

Yaya yana da babur ɗin zem, wato na ɗaukar fasinja, ja, nasa na kansa, kuma a bayansa cefanen gidanmu ke zuwa kullum. Ya sayar wa wani mutumin Sèmè-Kpodji, ya sayo kati ɗaya tal. Lissafinsa mai sauƙi ne: farashi ya ninka, ya sayi babur biyu.

Kai ma yi haka. Mai hannu ɗaya a kan abin da ya sani ba ya kama abin da bai sani ba.

Rigarsa rawaya ta 'yan zem ya miƙo min, ya ce in riƙa goge tebur da ita. Na ninke na sa a ƙasan akwati. Mu mata imaninmu da kasuwar zamani bai cika ba.

3. Kada ka sayar

Nan ne mutane ke faɗuwa. Mai saye zai zo, da kuɗinsa, da ribarka a kai. Ka gane cewa maƙiyinka ne.

Namu sunansa Nourou, mai haɗa bidiyon biki a Agontinkon. Ya tsaya a ƙofa yana gumi.

"Sharhabilu, don Allah ka sallama min. Bikin mutane na hannuna, kwamfutata tana tari kamar tsohon ɗan taba."

"Wannan farashin jiya ne, Nourou."

"Yau da safe fa ka faɗa min shi!"

"To, yanzu safe ce?"

Ka ga yadda ake yi. Idan ya dawo, ka shige ɗaki, ka tura ƙanwarka mai kunya ta ce ba ka nan. Ba za ta ɗaga kai ba balle a karanta ƙarya a idonta.

4. Ci riba da ido

Kowace safiya, kafin ka wanke baki, duba farashi a waya. Ya hau? Ka yi kabbara, ka jiƙa garinka ba suga. Idan tsoffin abokan zem sun gan ka a ƙasa kana taka sayyada cikin ruwan sama har Agla, ka ce likita ne ya ce ka motsa jini. Cefane kuwa, ka bar wa kakarka. Allah bai halicci kaka a banza ba.

5. Nemi ma'ajiyar da ɓarawo ba ya shiga

Tunda ka cika unguwa da labarin abin da ke ɗakinka, barci zai gagare ka. A gidanmu ɗaki ɗaya ne ko ɓera sai ya yi sallama: ɗakin Iya Mamata, kakarmu. Goro take sayarwa tun kafin a haifi babanmu, kuma ba wanda ya fi ta iya ɓoye kaya har su yi tsada.

Yaya ya durƙusa ya miƙa mata kwali.

"Iya, kayan jira ne. Ki ajiye min shi kamar yadda kike ajiye goronki."

"Kamar goro ka ce, mai gidana?"

"Sak, Iya. Kada ki rage komai."

"Sai yau na ji ka yi maganar 'yan kasuwa."

Kada ka ƙara bayani. Yi wa babba bayani rashin kunya ne. Kada kuma ka leƙa. Amana ba ta son leƙe.

6. Ranar girbi

Wata rana Nourou zai turo saƙo cewa ya yarda da kuɗin babur biyu, ka kawo a gwada. Yi wanka, fesa turare, ka je ka karɓi ajiyarka.

Iya ta jawo huhun goro daga ƙarƙashin gado, ta shiga kwance ganye ɗaya bayan ɗaya. Ga katin nan kwance tsakanin fari da ja, jikinsa sanyi ƙalau, gefensa ya yi kore.

"Iya! Ina kwalin? Ina ledar?"

"Wane kaya ne ke numfashi cikin leda? Ka gode wa Allah. Duk ranar da na yayyafa wa nawa ruwa sai na yayyafa wa naka. Har na fi ba shi, don na ga kamar ya fi bushewa."

Kada ka yi kuka a gaban mata. Goge shi da bakin riga, ka ce koren nan alamar na asali ne, ka fita ka tare zem. Wanda ya tsaya wa Yaya babur ne ja. Ya gane shi tun daga ƙarar salansa. Mutumin Sèmè-Kpodji ya ce:

"Patron! Agontinkon? Don kai ne, ba zan ƙara komai a kai ba."

A shagon Nourou aka saka katin. Fankokin suka juya sau ɗaya, kamar mai gaisuwar ta'aziyya. Sai ƙauri. Allo ya tsaya baƙi ƙirin. Nourou ya zare shi, ya shinshina, ya ce:

"Amma fa ƙamshin goronsa mai kyau ne."

7. Riƙe girmanka

Da Yaya ya dawo, Iya ta yanke hukunci: "Gorona bai taɓa yi min haka ba. Tun daga can aka sayar maka da ruɓaɓɓe."

Yaya ya wuce ɗakinsa. Washegari ya tsaya a bakin labulena yana kallon ƙasa, yadda ni nake kallonta.

"Labiba, rigar nan... ta goge tebur da yawa?"

Na miƙa masa ita a ninke.

Yanzu jan babur ɗin yake haya, yana kai wa mai shi kuɗin yini. Amma kada ka ɗauka shirin ya rushe. Farashi bai daina hawa ba, don haka asararsa ma kullum girma take ƙarawa. Duk fasinjan da ya hau sai ya juyo ya ce masa: "Ka san nawa na yi asara zuwa yau?" A duk layin 'yan zem babu mai asara kamar tasa. Har yanzu "patron" suke ce masa.

Ai na faɗa maka tun farko.

Sanarwa: Ni dai abin da na gani a bayan labule na faɗa. Wanda ya bi shawarata ya rasa babur, ko shago, ko keken ɗinkin matarsa, kada ya zo ƙofarmu. In ya zo ma, ni za a turo in ce ba na nan. Mai neman ajiya kuwa ya ga Iya Mamata: akwai sauran wuri a huhu, kuma ruwa kyauta ne.