Mutum-mutumin Injiniya Datti da Kaset ɗin Marigayi

A kasuwar Ajingi Hidaya ta fara jin sunansa, daga lasifikar da aka ɗaura a bayan babur: "Ga Injiniya Datti na Balan, wanda Japan ke bibiyar aikinsa!" Da ta waiwaya sai ta ga mai shelar da mai sunan mutum ɗaya ne. Bayan shekara guda ya auri gwaggonta Baiwa, dangi suka samu injiniya ba tare da sun nema ba.

A gaskiya mutum ne mai baiwa. Duk rediyon da ya buɗe sai ya rage masa kusoshi uku, alamar masu ƙerawa sun yi almubazzaranci. Daga Kano ya sayo kwalin kayan koyon lantarki, da 'yan wayoyi da ƙananan ƙwan fitila. A jikin kwalin an rubuta na yara ne masu shekara takwas, shi kuwa saboda tawali'u ya liƙe wurin da hotonsa. Mutanen gari suna kiransa Na-gaban-Japan, yana amsawa da ɗaga hannu.

Babban aikinsa shi ne mutum-mutumi mai tarbar baƙi. Jikinsa jarkar ruwa, idanunsa tocila biyu, hannunsa injin goge gilashin mota, a goshi kuma 'yar na'ura mai gane motsi. Murya ce kawai babu. Sai ya tuna da tsohuwar rikoda da kaset ɗin da ke hannun Hidaya.

Kaset ɗin na kakanta ne, marigayi Malam Gaji, wanda ya aiko daga Makka lokacin da yake ɗinki a can, yana gaishe da mutanen gari ɗaya bayan ɗaya. Muryarsa babu ita a ko'ina sai nan. Kowace Juma'a Hidaya ke kunna wa kakarta Hajiya Ummu Salma, ta saurara ta ce a mayar cikin kwalla.

"'Yata, ba ni in juye muku a waya," in ji Injiniya. "Zamani ya wuce zare."

"Baba, guda ɗaya ne fa."

"Ni ma guda ɗaya ne a ƙasar Gaya."

Ya karɓa, amma bai juye komai ba. Ɗaki ya shiga ya danna jan maɓalli, ya zuba jawabin rabin awa a kan ci gaban kimiyya don ya hau kan muryar marigayi. Abin da iliminsa bai kai ba shi ne Hidaya ta daɗe da karye ɗan haƙorin kaset ɗin, don haka ba ya ɗaukar sabuwar magana. Bai saurara ya ji ba. Injiniya ba ya gwada aikinsa, ai masu shakka ke gwaji.

Ranar ƙaddamarwa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, dattawa suka zo har daga Gafasa. Hidaya na daga zaure tana leƙe.

"Jama'a, yau Balan ta shiga sahun duniya," ya ce. "Wannan halitta za ta yi muku magana da muryata."

Ya gifta ta gaban mutum-mutumin. Tocila suka kama, hannun ya ɗaga ya make masa hula ƙasa, sannan jarka ta yi gyaran murya.

"Ni ne Gaji. Ina gaishe da Malam Haruna mai goro. A gaya masa ban manta akuyarsa da ta cinye min gyaɗa ba."

Malam Haruna, wanda da hannunsa ya sa Gaji a kabari, ya miƙe tsaye. "Haba Gaji, ai mun shirya tun kafin ka tafi."

Jarka ta ci gaba da kiran sunaye, rayayyu na amsawa, waɗanda suka rasu 'ya'yansu na amsa musu. Wasu suka ruga suka bar takalma. Injiniya ya ɗauki hularsa ya ce wannan shi ake kira ƙwaƙwalwar na'ura, ta binciko tarihin gari da kanta.

Can muryar ta fara jan ƙafa, baƙin zaren kaset ya soma zubowa ta bakin jarka kamar taliya.

"Yana fitar da bayanai," in ji Injiniya.

Hidaya ta ratsa tsakiyar maza ta fizge wayar batir, ta tattare zaren a cikin hijabinta. Kwana biyu tana naɗe shi da biro, inda ya tsinke ta liƙe da jan farce. Taƙi guda ya tafi, kuma daidai wurin da marigayi ke gaishe da matarsa. Da Juma'a ta zo aka kai wurin, Hajiya ta ji ya tsallake ta ya wuce kan maƙwabta. Ta ce a mayar cikin kwalla. Ba ta sake cewa a kunna ba.

Injiniya bai zo ba da haƙuri ba, amma ya zo. Ya ce an gayyace shi nuna fasaha a Gaya ranar Asabar, kuma ya gano matsalar: jarkar ta yi ƙanƙanta, yanzu ya samo durom.

"'Yata, ke ba ki da jiki, kuma kin iya gaisuwa. Ki shiga ciki na awa biyu kawai. In na gifta, ki ce sannu da zuwa Injiniya, amma ki ɗan kauraro murya."